Tsagar da ke Jikin Kulki

Shida gare ni, rataye a zaure,
kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya
kamar akuyar da za a kai Maigatari.
Gari ya ce hedimasta ya yi ritaya,
hankalinsa ma ya ajiye aiki:
mutane na tara awaki, shi yana tara kulake.

Nomau maƙeri ne alƙalina.
Idonsa ya tafi tun bara waccan,
yatsa yake aikawa.
Ya shafa, ya jinjina a tafi, ya sansana.
"Wannan ƙirya ce ta dajinmu,
ko kogin Haɗeja ba ta taɓa ƙetarewa ba.
Nawa ka biya, Malam?"
Na yi tari, na dubi rufin ɗaki.
"Wannan kuma ubana ya sa masa zobe.
Gafiya ya sani, da ƙeyar ɓarawon kaji."

"Na ramin yaƙi gajere ne," in ji shi,
"don rami ba ya ba hannu fili.
Kansa da dalma, an ɗura ta da zafinta.
Ƙusoshinsa na takalmin soja ne, masu kan wake.
Akwai huda a gindi, ta igiya,
kada ya suɓuce wa mai shi cikin duhu."
Shida na kai masa, shida ya kayar.

Sai wata Laraba bayan ruwa,
babur ɗina ya mutu a wani ƙauye gaba da Ɓaɓura.
Ina turawa na ji dam, dam, bayan danga.
Wata tsohuwa ce ke kafa turken tunkiya,
abin da ke hannunta bai kai kamu biyu ba.
Kan wake. Dalma. Huda a gindi.
Sallamata ma sai da ta sarƙe.

Iya Tasalla ta miƙo min shi kamar muciya.
Ya fi girmansa nauyi.
A ƙotarsa na ga tsaga jere kamar zanen fuska,
na ƙirga, ashirin da shida.
Tsigar jikina ta tashi,
har na rubuta takardarsa a zuci:
rai ashirin da shida.

Ta yi dariya, haƙori biyu suka leƙo.
"Na kakana Jatau ne, daga yaƙin Kamaru,
zamanin da aka kai su ga Jamus.
Ba mutane kake ƙirgawa ba, ɗan nan, azumi ne.
Wata ya kama suna cikin rami,
ruwa iya gwiwa, tsutsa a ƙafa.
Duk ranar da ya sha, sai ya tsaga.
Da ya dawo, bazara ya zaɓa ya rama,
wai bashin zafi da zafi ake biyansa.
Duba da kyau. Wadda ya biya, ya gicciye ta."

Na duba. Kowace da gicciyenta,
ashirin da uku.
Can kusa da kai, inda ƙusa ta fara,
uku sun ware, sun fi zurfi,
ba wuƙar da ta koma kansu.

"Waɗannan fa, Iya?"

Ta kalli tunkiyarta.
"Waɗannan bai ce mana komai ba.
Amma har ya rasu, ko kaza ba ya yankawa,
maƙwabci ake kira."

Na taya da kuɗin buhun gero. Na ƙara rabi.
Ta ce, "In na sayar, da me zan buga turke?
Ba ni abina, ga ta can za ta shiga wake."

Yanzu ƙusa bakwai ce a bangon zaurena.
Shida na ɗauke da ƙarya mai tsada.
Ta bakwai takarda kawai ke lilo a jikinta,
na rubuta Jatau, na rubuta Kamaru,
na rubuta uku,
alƙalamin ya tsaya a nan.